Fitila Mai Rassa: Yadda Yahudawa Ke Koya Wa Ƴaƴansu Tarihi Da Wutar Lagwani

Ga abin da muka tattauna a shirin wannan mako, mun rubuta shi domin wanda shirin ya wuce shi yana daji ko yana tsakiyar ciniki.

Yanzu waya ta shiga hannun kowa. Yaro yana gindin bishiya yana kiwo, amma hotunan duniya suna iske shi har inda yake. Cikin hotunan da ke yawan fitowa, musamman in ana labarin Gabas ta Tsakiya ko in Disamba ta kama, akwai wata fitila mai ƙafa ɗaya da rassa kamar itace, kowane reshe da wuta a kansa. Fitilar Yahudawa ce. Yaro zai ce, "Baba, mene ne wannan?" In uba bai da amsa, yaron zai tambayi wani, kuma ba ka san abin da wanin zai zuba masa a kunne ba.

To, abin da za ku lura da shi a wannan bayani shi ne, su Yahudawa sun mai da fitilar nan allon karatun ƴaƴansu. Mutane ne da suka yi shekara kusan dubu biyu a warwatse cikin ƙasashen wasu. Duk inda suka sauka, adon fitilar yakan ɗauki kamannin wurin, amma yawan wutar da dokar kunna ta ba su motsa ba. Da abin da ke canzawa da abin da ba ya canzawa, duka biyun darasi ne ga yaro.

A fara da ƙirga rassa

Da Ibrananci, harshen Yahudawa, sunanta menora. Kalmar ƴar uwar "manara" ce ta Larabci. Tushensu ɗaya da "nur", wato haske, inda sunayen Nura da Nuru da Munira suka fito. Ma'anarta abin ɗora fitila, kamar aikin da alkuki ke yi a bangon ɗakin ƙasa.

Iri biyu ne, kuma abu na farko da ake koya wa yaro shi ne ya ƙirga. In ya sami rassa bakwai, wannan ita ce ta tsohon ɗakin ibadarsu na Birnin Ƙudus, wanda suke kira Haikali. In ya sami tara, wannan ta bikin Hanuka ce, ana kuma ce mata hanukiya. Ita ake kunnawa a gidaje sau ɗaya a shekara, dare takwas a jere. Akwai kuma kyandir biyu da uwargida ke kunnawa kowace Juma'a kafin faɗuwar rana don shigar Asabar, ranar hutunsu. Wannan daban ne, kada a haɗa su.

Mai rassa bakwai, fitilar matafiya

Siffarta tana cikin Attaurar da ke hannun Yahudawa, a Littafin Fitowa, babi na 25, cikin umarnin da aka ba Annabi Musa (AS) lokacin da Bani Isra'ila ke cikin hamada bayan barinsu Masar. Sanda ɗaya ce a tsakiya, rassa uku sun fita ta dama, uku ta hagu. A kan kowane reshe akwai ƙoƙuna uku masu kamar furen itacen almon, wanda Larabawa ke kira lauz, tare da toho da fure. Sandar tsakiya tana da ƙoƙuna huɗu. Malami yakan sa yara su yi lissafin da kansu: uku sau shida 18, a ƙara huɗu, 22 ke nan.

An ce a yi ta da zinariya tsantsa, nauyin awo ɗaya da suke kira kikkar, wanda masana ke ƙiyastawa sama da kilo 30. Kuma daga curi ɗaya za a buga ta da guduma, babu haɗi, babu walda. Maƙeran fari da ke sauraronmu sun san nauyin wannan magana. Fitar da rassa shida da furanninsu daga dunƙule ɗaya aiki ne na gwanin gwanaye. Sunan maƙerin da ya jagoranci aikin Bezalel. Malamansu na baya sun ce tsayinta tafin hannu 18 ne, wato kusan mita ɗaya da rabi.

Ba kyandir ake sa mata ba. A kan kowane reshe akwai ɗan kaskon mai da lagwani, kuma man zaitun tatacce kawai ake zubawa. Annabi Haruna (AS) da zuriyarsa aka ɗora wa gyara lagwanin da kunnawa kullum.

Ga abin da zai yi wa makiyaya daɗin ji. A farko fitilar ba a gini take ba, a tantin ibada take, wanda ake kwancewa in za a tashi. An ma tsara yadda za a naɗe ta: a rufe ta da shuɗin ƙyalle tare da kaskonta da hantsakinta da tandun mai, a ƙara lulluɓewa da fata, a ɗora a kan itacen ɗauka, wani dangi na musamman su saɓa a kafaɗa. Wanda ya taɓa naɗe kayan ruga ya ɗora wa takarkari ya san abin da ake nufi. Tun asalinta kayan masu ƙaura ce.

Da Annabi Sulaiman (AS) ya gina Haikali a Ƙudus, littattafansu sun ce fitilu goma ya sa, biyar dama biyar hagu. Mutanen Babila suka rushe wannan gini a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Aka sake gina wani, aka sake yin fitila. Shi kuma Rumawa ƙarƙashin Titus suka ƙone shi a shekara ta 70 miladiyya, suka kwashe kayan cikinsa zuwa birnin Roma. Bayan shekara kusan goma sha ɗaya aka gina wata babbar ƙofar dutse a Roma don tunawa da nasarar Titus, kuma a jikinta aka sassaƙa hoton sojoji ɗauke da fitilar a kafaɗa. Ƙofar tana nan tsaye har yau. Ita fitilar kuwa ta ɓace, ba a sake gano ta ba.

Malaman Yahudawa sun hana a ƙera fitilar ƙarfe mai rassa bakwai irin ta Haikali don amfanin gida. Sun ce a yi mai biyar, ko shida, ko takwas, amma ban da bakwai. Saboda haka ta fi rayuwa a zane: a jikin kaburbura, a daɓen wuraren ibada, a kan tsabar kuɗi. Wani sarkinsu mai suna Antigonus, wanda ya yi mulki daga 40 zuwa 37 kafin haihuwar Annabi Isa, ya buga ta a kuɗinsa. A nan Afirka ma, a Hammam Lif kusa da birnin Tunis, an tono daɓen wani tsohon wurin ibadarsu da hotonta a jiki. Ta daɗe tana zama alamar Yahudawa kafin tauraro mai tsini shida ya shahara.

Rassan lanƙwasassu ne ko miƙaƙƙu?

A nan akwai saɓani, kuma yara suna son sa, domin abu ne da ido ke gani. A ƙofar Titus da yawancin tsofaffin zane, rassan sun lanƙwasa kamar ƙahon bijimi. Amma babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus, ya zauna a Fas, ya rasu a Masar a 1204, ya zana ta da hannunsa da rassa miƙaƙƙu, sun fita a karkace kamar yatsun cokali. Ɗansa Ibrahim ya ce da gangan mahaifinsa ya zana haka. Har yau wata ƙungiyarsu mai suna Chabad miƙaƙƙun take yi.

Da aka kafa ƙasar Isra'ila, a 1949 ta ɗauki siffar da ke jikin ƙofar Titus ta zama tambarinta, da reshen zaitun dama da hagu. Shi ya sa kuke ganinta a bayan shugabanninsu a labarai. Akwai kuma wata babba ta tagulla, tsayinta ya haura mita huɗu, gaban majalisar dokokinsu, kyauta daga Ingila a 1956.

Mai rassa tara da labarin tandun mai

Wannan labarin ya faru tsakanin ginin Haikali na biyu da zuwan Rumawa. A lokacin, sarakunan Girkawa da ke mulki daga Sham su ke riƙe da Ƙudus. Ɗaya daga cikinsu, Antiyokus na Huɗu, ya kwashe kayan Haikali, sannan a 167 kafin haihuwar Annabi Isa ya hana kaciya da hutun Asabar, ya sa bautar gumakan Girkawa a cikin ɗakin. Wani dattijo mai suna Matatiya, na ƙauyen Modi'in, da ƴaƴansa biyar suka yi tawaye suka shiga duwatsu. Bayan rasuwarsa ɗansa Yahuda, mai laƙabin Makabi, ya ja yaƙin. A 164 suka karɓe Haikali, suka tsabtace shi, suka sake buɗe shi ran 25 ga watansu na Kislef, aka yi kwana takwas ana biki. Kalmar Hanuka ma'anarta ke nan, ƙaddamar da wuri ga aikin da aka yi shi dominsa.

Littattafan tarihin Makabiyawa labarin yaƙin da bikin suka kawo. Daga baya, cikin Talmud, babban kundin fiƙihun Yahudawa, aka rubuta ruwayar da yara suka fi sani. Wai da aka shiga Haikali, tandu ɗaya kawai aka samu na mai mai tsarki da hatiminsa bai karye ba. Na kwana ɗaya ne, amma ya ci har kwana takwas, kafin a tatso sabo. Wuta takwas ɗin nan, kowace tana tsaye a madadin dare ɗaya.

Watannin Yahudawa na ganin wata ne, amma suna ƙara wata guda sau bakwai cikin kowace shekara 19, don kada bukukuwansu su zagaya kamar yadda azuminmu ke zagayawa. Saboda haka Hanuka kullum tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba take farawa, lokacin da mu nan hunturu ke kaɗawa, dare ya yi tsawo.

Kowace doka da darasinta

Nan ne karatun yake, don haka bari mu ɗan daɗe.

Na farko, jeri. Wuta takwas ɗin za su tsaya a layi ɗaya, kai ɗaya, yadda wanda ke wucewa zai iya ƙirgawa ya san dare na nawa ake. Ta taran kuwa ana ɗaga ta sama ko a ware ta gefe. Sunanta shamash, wato hadimi. Da ita ake kunna sauran.

Me ya sa ake buƙatar hadimi? Domin an hana a yi amfani da hasken takwas ɗin. Ba a karatu da shi, ba a ɗinki, kuma Talmud ya ambaci ƙirga kuɗi da sunansa. Ƴan kasuwa kun ji. Mutum ya dawo daga kasuwa da cinikin yini, naira ko sefa, ga wuta takwas na ci a gabansa, amma sai ya nemi wata fitilar kafin ya buɗe jaka. In ido ya ci gajiyar hasken ba da niyya ba, sai a ce na hadimin ne. Yaron da ya tashi yana ganin haka ya san tun yana ƙarami cewa a gidansu akwai abin da ba a taɓawa don riba.

Na biyu, ƙari. Daren farko wuta ɗaya, na biyu biyu, har zuwa takwas. Wannan ma sai da aka yi muhawara a kai tsakanin makarantun manyan malamai biyu, Hilel da Shammai. Almajiran Shammai suka ce a fara da takwas a riƙa ragewa. Almajiran Hilel suka ce a fara da ɗaya a riƙa ƙarawa, hujjarsu kuwa ita ce a sha'anin tsarki hawa ake yi, ba sauka ba. Ra'ayin Hilel aka bi, amma ba a goge na Shammai ba. Ana karantar da yara duka biyun da hujjar kowa.

Ga lissafi kuma. Ɗaya da biyu da uku, har zuwa takwas, nawa ke nan? 36. A ƙara hadimi ɗaya kowane dare, 44. Shi ya sa kwalin kyandir na Hanuka da ake sayarwa a shaguna yakan zo da guda 44. Yara da yawa a nan suke fara haɗa irin wannan jimla.

Na uku, dama da hagu. Ana jera kyandir daga dama zuwa hagu, yadda rubutunsu ke tafiya, kamar dai Larabci da ajami. Amma kunnawa daga hagu ake farawa, wato sabon da ya shigo yau shi ne farko. Baƙo ake fara girmamawa.

Na huɗu, wuri da lokaci. Asalin dokar a ajiye fitilar a ƙofar gida ta waje, ko a taga mai kallon hanya, domin jama'a su gani. In lokacin tsoro ne, an yarda mutum ya ajiye ta a kan tebur cikin ɗaki. Kada ta wuce kamu 20 a sama, don ido ba ya kaiwa can. Lokacinta daga faɗuwar rana har ƙafa ta ɗauke a kasuwa, kuma a zuba man da zai ci aƙalla rabin awa. Talmud har ya faɗi su waye na ƙarshen tashi a kasuwa: mutanen Tadmur, masu sayar da ƙiraren hura wuta, domin su sukan jira wanda itacensa ya ƙare da dare. Kowace kasuwa tana da irinsu, ku ma kun san naku.

Akwai wata shari'a a littafin Mishna da masu raƙuma za su so ji. Raƙumi ne ɗauke da kittani, wani zare mai kama da rama, yana wucewa ta cikin kasuwa. Kayan suka kutsa cikin shago, suka taɓa fitilar mai shago, wuta ta tashi ta ci gini. Wa zai biya? In fitilar tana cikin shago, mai raƙumi ne, domin shi ya yi lodin da ya wuce kima. In mai shago ne ya fito da fitilarsa waje, shi zai biya. Sai wani malami, Rabbi Yahuda, ya ce in fitilar Hanuka ce mai shago ba shi da laifi, tunda doka ce ta sa ya fito da ita. Ana ba ɗalibai wannan mas'ala su yi ta jayayya a kai, daga nan su koyi haƙƙin hanya da haƙƙin maƙwabci, su kuma san cewa wuta ba ta san ibada ba. Mu ma da muke da zana da ciyawa da jarkokin fetur a wannan lokaci na iska, maganar ta shafe mu.

Kowace ƙasa da adonta

Tunda doka ta tsaya a kan yawan wuta da jerinta, sauran an bar wa maƙeri. Shi ya sa wanda ya saba, in ya ga tsohuwar hanukiya, yakan gane ƙasar da ta fito kamar yadda makiyayi ke gane saniyar wane yanki ce daga ƙahonta da launinta.

Da yawa daga cikin tsofaffin ma ba su da rassa. Faranti ne a tsaye da ake ratayewa a bango, da ƙananan kasake takwas a jere a gindinsa, hadimin yana sama. A Maroko da tagulla ake yi, a huda ta a fitar da baka-baka irin na ƙofofin masallatai da gidajen Fas, da tsuntsaye da furanni, wani lokaci da tafin hannu mai yatsu biyar da ake kira hamsa. A Yaman dutse mai laushi ake sassaƙawa a fitar da ramukan mai. A Iraƙi ƙoƙunan gilashi ake jerawa a kan tagulla, da hamsa da jinjirin wata. A waɗannan ƙasashe na Musulmi da wuya ka ga siffar mutum a jikin fitila, kamar dai yadda maƙwabtansu ke gudun haka.

A Turai kuwa abin ya bambanta. Na Italiya zubin tagulla ne, har da siffofin mutane irin na gine-ginen ƙasar. Na Holan farantin tagulla ne da ake gogewa ya yi ƙyalli ya mai da haske, da zanen furanni. Na Polan da Yukiren suna da zakoki biyu da barewa da tsuntsaye, masu hali kuma su sa a yi musu da zaren azurfa. Inda sarki ke da tambarin gaggafa mai kai biyu, sai ka gan ta a saman fitila. A Landan akwai wata ta azurfa da aka ƙera a 1709 don wani ɗan kasuwa, Elias Lindo, tana cikin mafi tsufa da aka yi a Ingila. Gidan tarihin Yahudawa na New York a Amurka ya tara fiye da 1,000.

Ba abin mamaki ba ne na Maroko da Yaman su yi kyau haka, domin a ƙasashen biyu yawancin ƙirar azurfa a hannun Yahudawa take har tsakiyar ƙarni na 20. Wasunsu ma fatake ne a hanyoyin Sahara. A da akwai al'ummarsu a Tuwat, zangon ayarin da ke kudancin Aljeriya, kuma wajajen 1860 wani malaminsu ɗan garin Akka na Maroko, Mordekai Abi Serur, ya kai har Tumbutu yana ciniki.

Wanda ba shi da hali fa? Doka ba ta ce sai tagulla ba. Kasake takwas na yumɓu a jere sun wadatar. Waɗanda suka tsira daga sansanonin ƴan Nazi sun ba da labarin yadda aka rarake dankalin turawa, aka sa ɗan kitse, aka zare zare daga riga aka yi lagwani. Akwai kuma wani hoto da ya shahara, wanda Rachel Posner, matar malamin Yahudawan garin Kiel na Jamus, ta ɗauka a 1931: hanukiyarsu a taga, a tsallaken titi kuma tutar Nazi na rataye. Iyalin sun bar Jamus da fitilarsu. Tana gidan tarihin Yad Vashem a Ƙudus, kuma jikokinsu kan ɗauko ta su kunna in Hanuka ta zo.

Yadda ake sa hannun yaro a ciki

Da Ibrananci, kalmar tarbiyyar yara ita ce hinuk, kuma tushenta ɗaya da Hanuka. Masana harshe suna danganta su da "tahniki" na Larabci, wato goga wa jariri dabino a dasashi. Duka maganar fara abu ce, ko buɗe gini ko buɗe bakin yaro.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su ma haka suka ɗauka. Kafin bikin, a makarantun ƙananan yara, kowane yaro yakan haɗa tasa fitilar. A ba shi guntun katako, ya manna noti takwas a jere, ya ɗora biyu ko uku a kan juna don hadimi ya fi tsayi. Wasu da yumɓu suke yi, wasu da murfin kwalba. In ya manna bakwai, sai a ce ya sake ƙirgawa. In ɗaya ta fi sauran tsayi, sai a tambaye shi wacce ce hadimi a nan. Da hannunsa yake koyon dokar kafin ya iya karanta ta.

A gidajen Yahudawan da asalinsu Turai ne, kowane ɗa yakan kunna tasa, babba na tsaye a kansa. A gidajen waɗanda asalinsu Andalus da ƙasashen Larabawa ne, fitila ɗaya ce ta gida duka, maigida ya kunna, yara na kewaye da shi. A rabin awan da wutar ke ci, mata sukan ajiye aiki, a zauna. A nan kaka ke faɗin inda fitilar ta fito, wa ya ƙera ta, wace iyaka aka ƙetara da ita.

Ciki ma yana da nasa karatun. Tunda labarin na mai ne, abin da aka soya ake ci. Na Turai suna soya gurzajjen dankalin turawa kamar ƙosai, na Maroko suna yin sfenj, ɗan uwan fanke. Ana ba yara ƴan kuɗi, ana kuma nuna musu su cire na mabukata. Akwai wasa da wani abin juyawa kamar katantanwa, mai fuska huɗu, kowace da harafi: nun, gimel, he, shin. Wanda ya yi allo zai ji kamar ya san su, domin ƴan uwan nun da jim da ha da shin ne. Haruffan farkon kalmomi huɗu ne masu nufin babban abin al'ajabi ya faru a can. A Isra'ila sukan canza na ƙarshen ya koma "a nan". A Tunisiya da Libiya kuwa, daren da sabon watan Tebet ya kama a tsakiyar bikin na ƴan mata ne. Idil Banat ake ce masa, ana yi musu kyauta.

In ɗanka ya tambaye ka

Abu uku sun isa. Ka ce ya ƙirga rassan. In bakwai ne, ka ce masa hoton fitilar ɗakin ibadar Bani Isra'ila ce, wadda suke danganta siffarta ga zamanin Annabi Musa, kuma Rumawa suka ɗauke ta. In tara ne, ka ce ta bikinsu ce na dare takwas, ta taran hadimi ce. Sannan ka fahimtar da shi cewa fitilar ta girmi gwamnatin da ta sa ta a tambari da fiye da shekara dubu biyu. Bayahuden da ke kunna ta a Kasabalanka, ko a tsibirin Jarba na Tunisiya, ko a Faransa, abin da kakanninsa suka yi yake yi. Maganar siyasa da yaƙi tana da wurinta, kuma yaron da ya iya raba wannan da wancan ba a saurin ruɗa shi. Sanin abin da wani ke yi bai sa ka zama shi ba. Matambayi ba ya ɓata.

Daga nan kuma sai mu duba namu kayan. Zanen da ke jikin ƙwaryar da uwa ke ba ƴarta, shaidar da ake yi wa dabbobin gidanku, sandar da kaka ya bari, mudun da aka gada a rumfa, kowanne yana da labari. Yaranku sun san shi? Waɗancan mutane sun ware dare takwas a shekara, rabin awa kowane dare, suka sa abin a hannun yaro, suka bar shi ya ƙirga ya yi tambaya. Mu da muke kwana a gindin wuta kusan kullum, lokacin bai gagare mu ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa, Ya albarkaci garke.